Na kunna na kashe, mita sifili: ana iya nuna indokshin da batir kuwa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan bautar ƙasa ne, an turo ni wata sakandare ina koyar da fiziks a SS3, yanzu mun zo kan indokshin. Na naɗa waya biyu a jikin wata babbar ƙusa, ɗaya na haɗa ta da batir ɗayar na haɗa ta da mita irin mai nuna lamba ɗin nan, na kunna na kashe har na gaji, mita sifili kawai take nunawa yara sun zuba min ido. Wani yaro ma cewa ya yi ai dama an ce taransfoma ba ta aiki da DC. To wai ana iya nuna abin nan da batir, ko sai da wutar NEPA? Mu dai babu wuta a makarantar."

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari, don wallahi malamin da zai zauna ya naɗa waya da hannunsa saboda yara su gani da idonsu ba shi da yawa, yawanci zane ake yi a allo a wuce. Idan na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: shin wutar batir za ta iya haifar da wuta a naɗi na biyu wanda bai taɓa na farko ba, sannan in za ta iya me ya sa taka mitar ta yi shiru. Amsar ta farko e, ƙwarai kuwa, kuma da batir ɗin aka fara gano abin tun asali. Ta biyun kuma ina kyautata zaton gwajinka ya yi aiki, mitar ce ba ta da saurin da za ta kama shi. Rashin wutar NEPA ma a wannan darasin alheri ne, don da AC, wato wutar da ke kai da komowa irin ta NEPA, abin yana faruwa sau 50 a sakan ɗaya, ido ba ya rabe komai, da batir kuwa kai ne da hannunka kake yin canjin ɗaya bayan ɗaya yara suna kallo.

Yadda aka faro

A 1820 Oersted a ƙasar Denmak ya ga allurar kamfas ta juya da ya kusanto da ita wayar da wuta ke bi, wato wuta tana haifar da maganaɗisu. Daga nan masana suka ce toh ai sai a juya abin, a samo wuta daga maganaɗisu, aka shafe shekara goma sha ɗaya ana fama. Abin da ya riƙa kayar da su shi ne irin abin da ya same ka: suna ajiye maganaɗisu ko naɗin da wuta ke bi a kusa da waya, su jira su ga wuta mai ɗorewa, ba ta zuwa. Ana ba da labarin wani Colladon a birnin Geneva a 1825, ya kai galbanomitarsa, wato mita mai allura da ke nuna ƙaramar wuta, wani ɗaki daban don kada maganaɗisun ya taɓa allurar kai tsaye, sai ya zura maganaɗisu a cikin naɗi ya taka ya je ya duba, kafin ya isa allura ta motsa ta koma mazauninta. Da yana da yaro ɗaya a zaune a gaban allurar da yanzu sunansa muke koyarwa.

Michael Faraday ne ya kama abin ranar 29 ga Agusta 1831 a Royal Institution da ke Landan. Zoben ƙarfe ya samu mai faɗin inci 6, ya naɗa waya a ɓangare ɗaya ya naɗa wata daban a ɗaya ɓangaren, da zare da ƙyalle ya raba wayoyin don kada su taɓa juna. Da ya haɗa batir allura ta yi tsalle ta dawo, da ya cire ta sake tsalle amma ta ɗaya gefen, a tsakani kuwa tsit. Kusan abin da ka haɗa kenan, ƙusa ce kawai a madadin zobe. Joseph Henry a Amurka shi ma ya gano a wajajen lokacin amma sai 1832 ya wallafa, sannan Lenz a 1834 ya faɗi dokar da ke nuna gefen da wutar za ta bi.

Me yake faruwa a cikin ƙusar

Naɗi na biyu bai damu da yawan maganaɗisun da ke ratsa shi ba, canjinsa kaɗai yake ji. Ni abin da nake ce wa yara, sallama da bankwana kawai yake amsawa, zaman hira ba ruwansa. Lokacin da ka kunna, karent yana tashi daga sifili zuwa iyakarsa, maganaɗisun ƙusar yana ƙaruwa tare da shi, a wannan ɗan tsakanin boltej ya bayyana a naɗi na biyu. Da karent ya daidaita, maganaɗisu yana nan da ƙarfinsa amma ba ya canzawa, boltej sifili. Ka kashe, maganaɗisu ya rushe, boltej ya sake bayyana ta ɗaya gefen. Dokar Faraday kenan: boltej ɗin daidai yake da yawan zagayen waya sau yawan canjin da aka samu, a raba da lokacin da canjin ya ɗauka. Alamar ragi da ake sa wa a gaban lissafin a littafi ita ce ta Lenz, tana cewa wutar da aka haifar kullum gefen da zai yi gardama da canjin take bi, in maganaɗisu na ƙaruwa ta yi ƙoƙarin rage shi, in yana raguwa ta yi ƙoƙarin riƙe shi.

Toh ɗan tsakanin nan, a naɗin hannu irin naka, bai wuce 'yan kashi cikin dubu na sakan ba, wani lokacin ma bai kai ba. Mita mai lamba kuwa sau biyu ko uku take sabunta karatunta a sakan, tana tattara abin da ta ji ta ba ka matsakaici, kaga abin da ya zo ya wuce cikin ƙiftawar ido ko dai ta rasa shi gaba ɗaya ko lambar ƙarshe ta ɗan yi rawa ta koma. Colladon ce mitar taka, tana wani ɗakin lokacin da abin ya faru.

Amma tunda ban ga haɗin naka ba, kar mu ɗora wa mita laifin duka. Abu na farko da zan duba shi ne bakin wayar. In wayar naɗin fanka ko injin ka yi amfani da ita, jan ƙarfen yana da wani shafi mai sheƙi a jiki wanda ba ya barin wuta ta wuce, dole ka kankare bakin da reza har sai ya yi haske ta kowane gefe, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na ga ɗalibai sun ɓata darasi guda a kan wannan. Na biyu yawan zagaye, zagaye ashirin ko talatin a jikin ƙusa ba zai ba ka abin kirki ba, na biyun yana son ɗaruruwa. Na uku batirin, in ƙaramin mai bolt 9 ne mai kusurwa huɗu, ba ya iya ba da karent mai yawa, ka haɗa shi da gajeriyar waya nan take zai durƙushe ya yi zafi. Gwaji mai sauƙi: kunna ka kusanto da ƙusar kan 'yan allurai ko ƙananan ƙusoshi, in ba ta ɗauke su ba matsalar tana naɗi na farko tun kafin a je na biyu.

Yadda nake yi a aji

In akwai galbanomita a ɗakin gwajinku, mai allura wadda sifilinta yake tsakiya, da ita za ka fara, ka karkaɗe ƙurar kwabar ka duba don sau da yawa tana nan ba wanda ya taɓa. Ita ma ba sauri gare ta ba amma bugun yana hankaɗa allurar kamar yadda ake bugun lilo, bugun ya wuce lilon ya ci gaba da tafiya kowa ya gani.

Naɗin kuma ka daina wahalar da kanka da ƙusa. Je wajen masu gyaran rediyo ka nemi tsohuwar taransfoma mai sauke 230 zuwa 12, irin ta cikin tsohuwar rediyo ko adafta mai nauyin nan ta da, ba cajar waya ta yanzu ba. Zoben Faraday ne a shirye, ƙarfenta a rufe yake, zagayenta ɗaruruwa a gefe ɗaya dubbai a ɗayan. Gefen 12 mai kaurin waya shi za ka ba batir, gefen 230 mai siririyar waya shi za ka kai wa galbanomita. In ba ka samu ba, yanka wayar ɗaurin rodi guntu-guntu kamar tsawon tafin hannu, ka haɗa su dami kaurin babban yatsa, ka naɗe da takarda, ka yi zagaye kamar 200 na farko da 600 ko fiye na biyu. Damin ya fi ƙusa don ƙarfen mai laushi ne, yana ɗaukar maganaɗisu ya sake shi da wuri, kuma ya fi ta kauri.

Yanzu ga abin da na fi so ka ɗauka a duk bayanin nan. Ka jera ƙaramin ƙwan tocila a layin batir, manyan batura uku ko huɗu irin na tocila, sannan ka ajiye kamfas a gefen ƙarfen. Ƙwan yana hana batir mutuwa da wuri, amma babban aikinsa shaida ne. Kafin ka taɓa makunni ka sa kowane yaro ya rubuta a takarda abin da yake zaton allura za ta yi, kusan duka za su ce za ta tafi gefe ta tsaya a can muddin wuta na kunne. Sai ka kunna. Allura ta yi wuf ta dawo sifili. A nan kar ka yi saurin kashewa, ka riƙe, ka ƙirga biyar da ƙarfi, ka ce su kalli ƙwai yana ci, su kalli kamfas ya juya yana nan a juye, su kalli allura tana sifili. Wuta na bi, maganaɗisu na nan, naɗi na biyu babu komai. Wannan sakan biyar ɗin su ne darasin, mu malamai mun fi son nuna tsallen mu wuce, alhali shirun tsakiyar ne yake kashe kuskuren da ke kan yaro. Sannan ka tambaye su in na kashe fa, mafi yawa za su ce ba abin da zai faru tunda an ɗauke wuta, ka saki makunni allura ta yi tsalle ta ɗaya gefen. Ajin yakan ɗan yi tsit sannan hayaniya ta ɓarke, akwai wata yarinya da ta taɓa ce min Malam sake, ba ta yarda ba, sai da ta zo ta danna da kanta sau huɗu.

Daga nan ka juya kan batir, gefen tsallen zai juya. In da damin waya kake yi, ka bar wuta a kunne ka zare ƙarfen daga cikin naɗin da sauri, allura za ta motsa ba tare da an taɓa makunni ba, wannan yana nuna musu ba makunnin ne yake da wani sirri ba, canjin maganaɗisu ne ko ta wace hanya ya zo. Riyostat ma haka, wato abin da ake ja a ƙara ko a rage karent, ka ja shi allura ta kauce, ka tsaya ta dawo.

In babu galbanomita sam, ƙananan ƙwayayen LED biyu sun isa, ja da kore, ka haɗa su a gefen 230 kai da ƙafa, wato doguwar ƙafar wannan da gajeriyar wancan. LED gefe ɗaya kawai yake barin wuta ta bi, don haka ɗaya zai yi walƙiya a kunnawa ɗayan a kashewa, kuma kowanne yana kare ɗan uwansa daga boltej ɗin baya. A nan batir ɗaya ko biyu kai tsaye ba ƙwai a layi ya fi ba da haske, sai dai kar ka riƙe ya daɗe. Ka rufe tagogi. Ko ka sa ƙaramar sifikar rediyo, za a ji ƙas a kunnawa, shiru, ƙas a kashewa. Ka samo magagari wajen maƙeri ko kafinta, ka ɗaura waya ɗaya a jikinsa ka goga ɗayar a kan haƙoransa, kowane haƙori kunnawa da kashewa ne, sifika ta riƙa ƙara ƙwayayen su riƙa ci kamar ba sa mutuwa. Daga wannan zuwa AC taki ɗaya ne, yara da kansu suke faɗa.

Me ya sa kashewa ta fi cizo

Nan akwai abin da yake rikita har malamai. A galbanomita tsallen kunnawa da na kashewa kusan girmansu ɗaya, amma a LED ko ƙwan niyon na kashewa yakan fi kaifi, sai mutum ya rasa wanne ne gaskiya. Duka gaskiya ne. Allura jimillar cajin da ya wuce take aunawa, shi kuma ya dogara ne da yawan canjin maganaɗisu ba saurinsa ba, abin da ya shiga a kunnawa shi ne ya fita a kashewa. Boltej kuwa da sauri yake tafiya. A kunnawa naɗin yana gardama, karent yana hawa a hankali kuma boltej ɗin gardamar ba zai taɓa wuce na batir ba. A kashewa ka yanke hanya farat ɗaya, naɗin yana neman ci gaba da tura karent ko ta halin ƙaƙa, boltej ya haura har sai ya samu mafita, in bai samu ba ya tsallaka ta iska, tartsatsin da kake gani a bakin waya kenan.

Ka yi musu lissafin a allo da cok ɗin tsohon dogon ƙwai, naɗin waya a kan ƙarfe mai nauyin nan. A ƙaddara yana da henri 1, wato ma'aunin ƙarfin gardamar naɗi, karent amfiya 0.2 na bi, ka yanke cikin kashi ɗaya cikin dubu na sakan: 1 sau 0.2 a raba da 0.001, bolt 200 kenan daga baturan da ba su kai bolt 10 ba. Ka ɗora ƙaramin ƙwan niyon a kan ƙafafun cok ɗin, irin na cikin makunnin soket mai jan haske, wanda ba ya kamawa sai boltej ya haura wajen 60 zuwa 90. A kunnawa ba komai, a kashewa ya yi walƙiya ruwan lemo. Ka sa su matso su duba da kyau, a cikin 'yan sandunan ƙarfe biyu na cikin gilashin ɗaya ne kawai yake haske, ka juya batir hasken ya koma ɗayan.

Wani lokacin da taransfoma za ka ga tsallen farko ya fi na baya girma, ko in ka juya batir tsallen ya ƙaru sau ɗaya sannan ya koma daidai. Ba lalacewa ba ce, ƙarfen ne yake riƙe ɗan ragowar maganaɗisu bayan an kashe.

Hattara dai. Ni wutar nan ta taɓa ja na a gaban aji, ina riƙe da bakin wayoyin gefen 230 da yatsuna ina ƙoƙarin matse ƙafar LED da ta zame, na ce wa wani yaro ya cire batir, sai ji na yi kamar an tsira min allura har gwiwar hannu, na yi wurgi da komai yara suka kwashe da dariya, batir ɗaya tak mai bolt 1.5. Tun daga ranar maƙalai nake sa wa wayoyin kafin in kunna. Wasu malamai suna jera yara su riƙe hannun juna a ja su don nishaɗi, ni ban yarda da shi ba, ba ka san mai ciwon zuciya a cikinsu ba. Kar ka haɗa batirin mota ko na sola kai tsaye da naɗi, turjiyar wayar kaɗan ce, za ta yi zafi ta ƙone shafin jikinta, in dole ne ka jera ƙwan mota mai wat 21 a layi. Batirin waya ko na laftof kuwa ka bar shi gaba ɗaya, yana iya kamawa da wuta.

Amsar yaron nan

Yaron bai yi ƙarya ba, ka yaba masa a gaban 'yan uwansa, rabin maganar ya riƙe. Taransfoma ba ta aiki da DC, wato wuta irin ta batir, mai tsayawa wuri ɗaya, in ka bar ta a haɗe ma babu abin da yake tare karent sai turjiyar wayar, shi ya sa take zafi ta ƙone in boltej ɗin da yawa. Amma DC da ake yankawa ana haɗawa tana aiki sarai. Ka tura shi gareji ya tambayi bakanike ina fulogi yake samun wuta a motar da batirinta bolt 12 ne kacal. A tsofaffin motoci irin su Fijo 504 akwai kontak a cikin distirbuta da yake buɗewa yana rufewa, duk buɗewa koyil ya harba dubban bolt, sama da dubu goma, zuwa fulogi, kuma a buɗewar ne tartsatsin yake fita, daidai da abin da ƙwan niyon ya nuna. Motocin yanzu taransista ce take yankan amma koyil ɗin yana nan. Inbatar sola da ke gidajenmu ita ma yankan wutar batir take yi da sauri kafin ta ɗaga ta, cajar waya kuma tana yankawa sau dubbai a sakan, abin da ya sa taransfomar cikinta ta zama 'yar mitsitsiya.

Iyakar wannan gwajin, yana nuna yaushe boltej yake zuwa da gefen da yake bi, ba ya ba ka lambar da za ka ce ga dokar Faraday an auna. Hannun mutum ba ya kashe makunni da sauri iri ɗaya sau biyu, bakin makunnin ma yana ɗan tsalle-tsalle kafin ya zauna, don ganin siffar bugun sai da osiloskof, na'urar da ke zana boltej a fuskarta. Abin da za ka iya kwatantawa da allura shi ne girman tsalle: ka fitar da waya a zagaye na 300 da na 600 a naɗi na biyu, ka gwada kowanne sau biyar yara su rubuta inda allura ta kai, na 600 zai fi, kusan ninki in turjiyar galbanomitar ta fi ta wayar nesa. In allurar tana bugun bango ka rage batir ɗaya.

Ka gwada komai kai kaɗai da yamma kafin ranar darasin, ka taho da sabbin batura a aljihu, don waɗanda ka yi atisaye da su sun riga sun yi sanyi.